Igiyar Maliki Mai Rijiya

Daga Sabon Birni zuwa Kurawa, har ka dangana da Burkusuma a bakin iyaka, da wuya ka sami ƙauyen da Maliki bai taɓa shiga cikin ƙasarsa ba. Haƙar rijiya da yasarta ita ce sana'arsa tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Bagobiri ne gajere, mai tsage har kunne, ƙirji kamar turmi, ga baki. In yana can ƙasa gaba goma sha biyu, muryarsa ce ke fara fitowa kafin bokitin laka, yana tsokanar matan da suka zo kallo wai su shirya tuluna. Yau shekarunsa sittin da huɗu, kuma daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango.

Masu rijiya suna da ƙa'idarsu, kuma ba su wasa da ita. Na ƙasa yana ɗaure da igiya a ƙugu, na sama yana riƙe da ɗaya bakin. In na ƙasa ya ja sau ɗaya, yana nufin lafiya lau. In ya ja sau biyu, a fid da shi yanzu, ba tambaya. Mai riƙon igiya ba ya saki don an kira salla, ba ya saki don an ce gobara ta kama gidansa. Maliki ya taɓa marin ƙanensa a gaban jama'a don kawai ya sauya hannu ya karɓi goro.

Akwai rijiyar da iskarta ke mutuwa, mutum ya sauka bai ji komai ba sai ya yanke jiki. Ubangidansa ya koya masa a fara zura fitila, in ta mutu kada kowa ya shiga. Shi kuwa Maliki da ya girma sai ya ce ɗawainiya ce. Ya riƙa sauka da karan sigari a baki, in ya ga wutar tana dushewa sai ya ja biyu. Sau uku ana fid da shi haka, ko dabarar ce ta yi aiki ko kwanansa ne ke gaba, Allah masani. Amma tun daga nan ba mai iya yi masa maganar taba. Kwali guda a yini, wani lokaci har da rabi, shekara arba'in. In matarsa Binta ta yi ƙorafin wari sai ya ce da ba don wannan warin ba da tuni ta gama takaba.

Tarin ya fara ne a hankali, irin wanda ake cewa sanyin rijiya ne. Binta ta dafa citta da kanumfari, ta nemo zuma, aka sha rubutu. Shekara ta zagayo, majina ta yi kauri, ƙirjin nan ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ranar da abin ya bayyana, wata rijiya ce a ƙauyen Alkalawa, ba ta ma kai gaba biyar ba. Ya sari ƙasa sau shida sai ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Ya duba sigarin bakinsa, ga ta tana ci jawur. Iskar rijiyar ƙalau take, shi ne ta ƙi shiga. Ya ja igiya biyu, aka fito da shi, ya kwanta a kan lakar da ya haƙo yana buɗe baki, kuma bai sake shiga rijiya ba.

A asibiti aka yi gwajin majina, aka tura shi Sakkwato hoton ƙirji, ya dawo da takarda. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jamilatu, wadda ba ta fi sa'ar 'yarsa ba, ita ta zaunar da shi.

"Baba Maliki, ba tarin huka ba na," in ji ta. "Huhun na yal lalace, hanyoyin iska sun tsuke. Abin da yal lalace ba shi dawowa, ba ni yi maka ƙarya. Amma ɗan abin da yar rage, in ka bar taba muna lallaɓa shi. In ba ka bari ba, ban san damina nawa za ka gani ba."

"Ɗiyata, tabag ga sau ukku tana hid da ni daga bakin kabari."

"Ta hid da kai daga rijiya, Baba, ga shi ta biyo ka har tudu."

Ta ba shi ɗan maganin fesawa a baki, ta nuna masa yadda zai shaƙi iska ta hanci ya busar a hankali kamar mai hura kunu. Sannan ta ce ya zagaya bayan ɗakin magani, akwai mutanensa a can. Ya ji haushin kalmar. Shi da ya ba ƙauyuka ruwa, yau masu tari ne mutanensa?

Ƙarƙashin wata dalbejiya ya same su, su bakwai a kan benci biyu. Ba wanda ya kafa su. Duk ranar kasuwa suke zuwa karɓar magani, jira ya haɗa su, har jiran ya zama majalisa. 'Yan gari suna ce musu 'yan tari, su ma sun karɓi sunan. Hirarsu ba ta sauri, domin kowa sai ya yanka maganarsa gida uku, kuma ba mai katse wani in ya tsaya neman numfashi. Wannan ne abin da ya fara kama Maliki. A gida in ya tsaya tsakiyar magana sai a ƙarasa masa, a nan kuwa jiransa ake yi.

A ƙarshen benci akwai wani dogon Bafillace siriri, malfarsa a gwiwa, yana ƙare masa kallo. Sunansa Labbo, makiyayi ne daga Burkusuma.

"Kai na mai rijiya? Kai kag gina muna ta bakin kasuwa?"

"Ni na."

"Ruwanta da gishiri."

"Shanunka na ba su san daɗi ba."

Dariya ta kama su, dariyar ta koma tari, suka yi ta yi har hawaye, sauran suna jiran su gama. Daga ranar suka zama abokai. Labbo ya riga shi shiga wahalar da shekara biyu. Sau uku yana barin taba yana komawa. Ya ce shi ba ciwon ya fi ƙarfinsa ba, lokacin da ya sha fura da hantsi ya zauna shi kaɗai, shanu sun fita da ƙanensa, shi ne lokacin da hannunsa ke tafiya aljihu ba da saninsa ba. Ranar kasuwa ɗaya ce a mako, sauran kwana shida kowa da shaiɗaninsa.

Sai Maliki ya ce, "Kana da waya?"

A nan ya shimfiɗa masa ƙa'idar rijiya. Kowace safiya bayan an sauko daga masallaci, kowa zai yi wa ɗan'uwansa filashin ɗaya, ma'ana ina nan, ban sha ba. In sha'awa ta taso ta yi ƙarfi, filashin biyu, ɗayan kuma ya bar duk abin da yake yi ya kira, su yi ta magana har ta wuce. Ya ɗaga yatsa ya ƙara sharaɗi guda, da muryar nan da ya mari ƙanensa da ita.

"Wanda yaj ja biyu ba shi kunnawa sai na sama ya amsa. Ko ƙaƙa ta kai."

"Na riƙe," in ji Labbo. Layi biyu gare shi kamar yawancin mutanen iyaka, na gida da na Nijar. Jamilatu ta rubuta wa Maliki duka lambobin a bayan katinsa na asibiti.

Watan farko Maliki ya sha wuya, ya kuma shayar da Binta. Ya yi faɗa da miya, ya yi faɗa da akuya, ya ce tabarma ma an shimfiɗa ta a karkace. A yini yakan ja biyu sau huɗu. Labbo zai kira, ba wa'azi ba nasiha, sai dai ya fara lissafa masa shanunsa da sunayensu, Saye da Wule da Amare, wace ce uwar wace, wace ta mutu a shekarar fari, wace aka kora da daji ya lalace. Yana faɗa yana hutawa, Maliki na jin kukan ƙirjinsa ta cikin waya. In kuwa Labbo ne ya ja, sai Maliki ya bi masa rijiyoyinsa ɗaya ɗaya, ta wane ƙauye gaba nawa, ina aka ci karo da dutse. Kafin a kai ta goma sha'awar ta kwanta.

Ciwon bai warke ba, dama an gaya masa. Amma a wata na biyar ya taka zuwa masallacin unguwa da hutu ɗaya tak. Wata rana ya ce wa Binta daddawar yau ta yi ƙamshi, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa, domin rabon da ya ji ƙamshin girkinta ta manta. Wata goma sha huɗu suka yi a haka, ba safiyar da wayar ba ta yi ƙara sau ɗaya ba.

Sai shekarar da aka katse layukan waya a yankin saboda rashin tsaro. Gero ya nuna a gona ke nan. Aka tsayar da kasuwanni, man babur ya yi wuya, hanyar Burkusuma ta zama sai wanda ya zame wa dole. Majalisar dalbejiya ta watse. Da safe Maliki ya ciro wayarsa ya danna, ba ta ce komai ba. Kwana goma yana dannawa yana mayarwa aljihu.

Rana ta goma sha ɗaya yana zaune a teburin mai shayi, ana hirar wani ƙauye da aka tasa, ƙauyen da shi ya haƙa musu rijiya. Wani baƙo kusa da shi ya kunna sigari, hayaƙin ya bi ta fuskarsa. Bai ko ciro wayar ba. Ya gaya wa kansa tunda an yanke igiya, ƙa'ida ta faɗi. Ya miƙa hannu ya ce, "Ɗan sam mini." Zuƙar farko ta sa shi tari har ya ga duhu, amma ya yi ta biyu. Kafin sati ya koma kara biyar a yini, yana laɓewa bayan rumbu kamar ɓarawon kaza. Binta ta ji warin tun ranar farko. Sai ta ɗauko maganin fesawar ta ajiye masa kusa da buta, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

A cikin 'yan tari akwai Zayyanu, ɗan kabu-kabu mai kimanin shekara arba'in, wanda ke unguwa ɗaya da Maliki. Shi ya zo masa da labari cewa akwai wani tudu arewa da gari inda layin Nijar ke kamawa, mutane na ta zuwa, shi ma ya samo layin.

"Baba Maliki, gobe za ni tudu. Ba sai ka taka ba. Ba ni lambar Labbo ta Nijar in danna mai guda, ya san kana nan."

Katin yana cikin aljihun Maliki, a jikin kwalin sigari. Ya ji shi da yatsunsa. Filashin ɗaya yana nufin ban sha ba, kuma shi tun da yake bai taɓa jan igiya a kan ƙarya ba. Ya aika a ce ya sha kuwa, bakinsa ya yi nauyi. Shi ne ya kawo ƙa'idar, shi ne ya ɗaga yatsa.

"Katin ya ɓace," ya ce.

Haka Maliki ya yi ƙarya da baki don kada ya yi ta da igiya, yana ganin wai ya tsare mutuncin sana'a. Zayyanu ya sake tuntuɓarsa sau biyu, ya ce bai gani ba tukuna. A ransa yana cewa bari ya bari na sati ɗaya cur, sannan ya aika da gaskiyarsa. Kullum satin gobe zai fara. Ga shi numfashin da ya tara a wata goma sha huɗu yana zubewa, masallaci ya koma hutu uku, daga baya ya koma salla a zaure.

An gama ɗaure gero an kai rumbu, wata ranar Laraba da hantsi aka yi sallama. Wani dogon mutum ne da sanda a kafaɗa, kamar an tsaga kara da Labbo. Ya ce shi ne Amiru, ƙanensa. Tun kafin ya zauna Maliki ya gane, domin ya ga wayar Labbo a hannunsa, wadda aka ɗaure bayanta da roba.

"Yau kwana tara," in ji Amiru. "Ƙirji na yat tashi mai. Babu hanyar da za mu kawo shi. Kwana huɗu yay yi, Allah ya amshi abinai."

Maliki ya yi salati, ya yi addu'a, muryarsa tana yankewa. Amiru ya jira shi, da alama ya saba da irin jiran. Sannan ya ce Labbo ya bar saƙo a kawo wa mai rijiya wayar.

"Kullum da sahe sai ya danna lambarka, da layin Nijar. Mu ce mai, Labbo, wajensu babu layi, ba ta shiga. Ya ce shi dai nashi ya ja. Ba ranad da yaf fasa."

Ya danna wayar ya juyo da ita. Maliki bai iya karatu ba, amma ya san surar lambarsa. Ga ta nan a jere, daga sama har ƙasa, ba ta kowa sai tasa.

"Kwanakkin ƙarshe biyu-biyu shika dannawa. Ya danna, ya danna, ya aza ta ga ƙirji shina jira. Ban san mi shika nuhi ba."

Maliki ya sani. Da ƙyar ya tambayi abin da yake tsoro.

"Ya sha?"

Amiru ya sunkuyar da kai. Ya ce ana gobe zai rasu, Labbo ya ce ransa na son taba ƙwarai. Da suka ga ba tashi zai yi ba, shi Amiru da kansa ya samo kara ɗaya ya sa masa a hannu, ya kawo ashana, don kada ya tafi da kwaɗayinta. Labbo ya riƙe ta yini guda yana shinshinawa.

"Nic ce mai in kunna maka? Yac ce a'a, na sama bai amsa ba tukun. Da ita ga hannu yac cika."

Binta tana bayan ƙofar zaure, ta ji duka. Daga baya ta ce a zamansu ta ga Maliki ya binne uwa da uba da 'ya'ya biyu idonsa a bushe, amma ranar ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da ƙirjinsa ba zai iya ɗauka ba, sai da ta fito ta fesa masa magani a gaban baƙo. Da ya samu iska ta dawo, ya sa hannu a aljihu ya ciro katin asibitin da kwalin sigarin tare, ya ajiye su a gaban Amiru.

"Ga lambatai nan. Tana gare ni tun hwarko. An ce in aika, nik ƙiya, don na sha. Yayanka ya ja igiya, ni as sama, kuma na saki."

Amiru bai gane rabin maganar ba. Ya dai ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sha ruwa ya kama hanya tun rana ba ta yi ba.

Binta ce ta jefa kwalin a murhu, shi ya ce ta jefa. Bari na biyu ya fi na farko wuya, domin babu mai lissafa masa shanu. Da aka maido da layukan waya, kasuwa ta dawo, ya sa Zayyanu ya ɗauke shi zuwa dalbejiya, ya zauna a gaban waɗanda suka rage, su biyar, ya faɗa musu komai, har ƙaryar katin. Ya ɗauki kusan awa guda yana yankawa yana hutawa, ba wanda ya katse shi. Da ya gama, Zayyanu ya ce to shi yana son a riƙe masa igiya, in Baba Maliki zai yarda. Maliki ya ce mai saki ake ba riƙo? Zayyanu ya ce wanda ya san abin da saki ke jawowa, shi yake so.

Jamilatu ta gaya masa gaskiya kamar yadda ta saba, watannin nan sun ci abin da ba zai dawo ba. Yanzu ba ya zuwa masallaci sai Juma'a, a bayan babur. Ƙirjin turmin nan ya zama ƙashi, yana zama a zaure a jingine da bango, kafaɗu a ɗage, yana busar da iska a hankali. Mutum huɗu yake riƙe wa igiya. Wayarsa tana rataye a wuyansa da zare, ko ban ɗaki zai shiga da ita yake shiga, kuma ya sa an samo masa layin Nijar don ko ta kwana.

Wayar Labbo kuwa tana cikin ƙwaryar da Binta ke ajiye allura da zare. Duk bayan kwana uku sai ta kai ta caji wurin mai shago, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Da safe in an sauko daga masallaci, wayar wuyansa takan yi ƙara sau huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa kowa da nasa. Sannan ya danna lamba ta biyar. Daga cikin ɗaki, a cikin ƙwarya, sai a ji wayar Labbo ta yi ƙara sau ɗaya, shi kuma ya katse ya zauna yana sauraro, har Binta ta kawo masa kunu.